Ƙuri'ar Bakin Daji: Wagini da Kujerar Sanatan Katsina ta Tsakiya

A watan Mayun 2019, ana cikin azumi, 'yan bindiga suka afka wa manoma a gonakinsu a 'Yargamji da ke ƙaramar hukumar Batsari, suka kashe mutum 18. Mutanen yankin ba su kai gawarwakin maƙabarta kai tsaye ba. Suka ɗora su a mota, suka kama hanyar birnin Katsina, suka kai su ƙofar fadar Sarki da gidan gwamnati, domin masu mulki su gani da idanunsu. Ranar da abin ya faru, watanni uku ba su cika ba da zaɓen 23 ga Fabrairu, wanda a cikinsa waɗannan mutane suka zaɓi sanata da ɗan majalisar wakilai. Sababbin zaɓaɓɓun ba su karɓi rantsuwa ba tukuna, sai 11 ga Yuni. Masu barin gado kuma suna haɗa komatsansu. Da jama'ar Batsari suka buƙaci a ji kukansu, da kansu suka ɗauko shi suka kai.

Duk lokacin da aka ɗauko maganar wakilci a yammacin Katsina, wannan rana nake tunawa. Wakili dai shi ne wanda ka aika ya tsaya a madadinka inda ba za ka iya zuwa ba. In har sai ka saɓa gawar ɗan'uwanka ka tafi da kanka, to akwai inda igiyar ta tsinke tsakanin mai aike da ɗan aike.

Wagini tana kudu maso yamma da garin Batsari, ta ɓangaren da ƙasar Batsari ke neman haɗuwa da ta Safana. Gari ne na manoma, kuma ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar. Yamma da ita dajin Rugu ne, wanda ya miƙe tun daga Jibiya ya ratsa Batsari da Safana da Ɗanmusa, ya haɗe da dazukan Zamfara. Mutumin Wagini yana da wakilai hawa-hawa: kansilan mazaɓarsa, ɗan majalisar jiha mai wakiltar Batsari, ɗan majalisar wakilai da suke tarayya a kansa da mutanen Safana da Ɗanmusa, sai kuma sanata. A cikinsu duka sanatan ne ya fi nisa da shi. Kuma sanatan ne ke zaune a zauren da ake tattauna abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya, wato soja da ɗan sanda da kuɗin da za a ba su.

Yadda aka shata shiyyar

Jihohin Najeriya ba su da majalisar dattawa tasu ta kansu, saɓanin yawancin jihohin Amurka. Katsina majalisa ɗaya gare ta, mai kujeru 34. A zamanin Jihar Arewa ne aka taɓa yin zaure biyu a Kaduna, na sarakuna da na wakilai, kuma sojoji suka rushe su a 1966. Yau idan aka ce mazaɓar sanata, ana nufin kashi ɗaya cikin ukun da aka raba jiha domin aika mutum majalisar dattawa a Abuja. Sashe na 48 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowace jiha kujera uku, Abuja ɗaya, jimilla 109. Kano da Bayelsa daidai suke a wannan zaure, duk da ratar da ke tsakanin yawan jama'arsu.

Bakatsine ba ya cewa tsakiya ko arewa ko kudu, shiyya yake cewa: shiyyar Daura mai ƙananan hukumomi 12, shiyyar Funtuwa mai 11, da shiyyar Katsina mai 11. Wagini tana cikin ta Katsina, tare da Katsina da Batagarawa da Rimi da Charanchi da Kaita da Jibiya da Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Ɗanmusa, da ita kanta Batsari. Duba wannan jeri da kyau. A cikinsa akwai ɗan kasuwar birni da ke son wutar lantarki da kwalta, akwai malamin jami'a a Dutsin-Ma, akwai mai fataucin kan iyaka a Jibiya da Ɗankama, akwai kuma manomin da ya shekara biyar bai taka gonarsa ta bayan gari ba. Mutum ɗaya aka ce ya ɗauki muryarsu duka.

Kundin ya tanadi cewa hukumar zaɓe ta riƙa duba rabon mazaɓu, muddin an samu tazarar shekara goma tsakanin dubawa da dubawa, domin yawan jama'ar kowace ya yi kusa da na 'yar'uwarta. Amma iyakokin da ake zaɓe a kansu yau tun 1996 aka shata su, zamanin soja. Ƙidayar ƙarshe da aka yi kuwa ta 2006 ce, wadda ta ba Batsari mutum sama da 200,000, Safana sama da 180,000. Yaron da aka haifa shekarar ƙidayar nan yanzu ya isa jefa ƙuri'a. A tsakanin nan ƙauyuka sun tashi, unguwannin bayan gari a Katsina da Batsari da Dutsin-Ma sun cika da baƙi, taswirar zaɓe kuma tana nan yadda aka bar ta.

Maƙwabtanmu na Nijar, kafin juyin mulkin Yulin 2023 ya rushe majalisarsu, suna da wata dabara da ta dace a yi nazarinta. A cikin kujeru 171 sun keɓe takwas ga mazaɓu na musamman, irin su Bermo a jihar Maradi, domin kada yawan jama'ar manyan garuruwa ya shanye muryar al'ummomin da ba su da yawa. Tsarinmu bai san da wannan ba. A wurinmu lissafi ɗaya ne, wanda ya fi ƙuri'a a faɗin shiyya shi ya ci, ko da bai samu ko ɗaya a bakin daji ba.

Waɗanda suka zauna a kujerar

Tun dawowar mulkin farar hula, kujerar Katsina ta Tsakiya ba ta taɓa riƙe mutum ɗaya zango biyu a jere ba. Samaila Mamman ya hau a 1999. Umar Ibrahim Tsauri ya karɓa a 2003, Ibrahim Ida a 2007, dukansu a PDP. A 2011 guguwar CPC ta kaɗa, kujerar ta koma hannunta. Umaru Ibrahim Kurfi ya ci a 2015, Kabir Abdullahi Barkiya a 2019, sai Abdulaziz Musa 'Yar'adua, tsohon laftanar kanar na soja kuma ƙanin marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua, a 2023, su ukun a APC.

Sunayen ma kaɗai sun isa su ba mai karatu labari. Tsauri da Kurfi da Barkiya duk garuruwan ƙaramar hukumar Kurfi ne. Ida da 'Yar'adua kuwa sunayen birni ne. Kujerar tana kai da komo tsakanin birnin Dikko da Kurfi, ba ta gangaro Batsari ko Safana ba. Ban ce dole sai ɗan garinku ne zai iya yi maka wakilci ba; an sha ganin ɗan gida da ya ci zaɓe ya ɗauke ƙafa. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma akwai bambanci tsakanin wanda aka ba labarin hari ta waya da wanda mahaifiyarsa ce ta kwana a cikin dawa.

Wannan canji na kowace shekara huɗu yana da tsada da ba a cika lissafawa ba. A majalisar dattawa daɗewa tana da daraja. Ƙa'idar zauren tana fifita waɗanda suka maimaita wajen rabon shugabanci, kuma sabon zuwa yakan ci shekara ɗaya ko biyu yana koyon inda ƙofofi suke. Shiyyar da ke aika baƙo kowane zango kullum daga farko take somawa.

Abin da ya faru a 2011 ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya tone asirin tsarin gaba ɗaya. CPC ta Katsina ta shiga zaɓen a rabe, ɓangaren Aminu Bello Masari da ɓangaren Yakubu Lado Ɗanmarke, kowanne da jerin 'yan takararsa. Talakawa ba su tsaya tantance wannan ba, alamar jam'iyyar Buhari suka bi suka dangwala. Ahmed Sani Stores aka fara rantsarwa a kujerar Katsina ta Tsakiya. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Disambar 2011, hukumar zaɓe ta janye takardar shaidarsa ta ba Abubakar Sadiq 'Yar'adua, kamar yadda ta karɓe ta Abdu Umar 'Yandoma a shiyyar Daura ta ba Hadi Sirika. 'Yan majalisar wakilai takwas ma haka ta faru da su. Ba a sake buɗe akwati ko ɗaya a Wagini ba. Ƙuri'un nan dai su ne, mutumin da ke kan kujera ne ya sauya, kuma a Abuja aka sauya shi.

Zaɓen da ake yi kafin zaɓe

Takardar da ake miƙa wa mai zaɓe ranar zaɓen sanata ba ta ɗauke da sunan mutum ko hotonsa, tambarin jam'iyyu ne kawai. Wanda zai tsaya a bayan tambarin an riga an fitar da shi watanni da yawa kafin nan. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ba jam'iyyu hanya uku: 'yar tinƙe, inda kowane ɗan jam'iyya ke da ƙuri'a, zaɓen daliget, ko maslaha, inda manya ke daidaitawa a kan mutum ɗaya sauran su janye. Manyan jam'iyyun biyu sun fi karkata ga daliget da maslaha. Ma'ana 'yan tsirarun mutane daga kowace mazaɓa ne aka kwasa a mota zuwa birni, aka sauke su a masauki, suka yanke wa dubban ɗaruruwa hukunci. Kowa a yankin ya san kalmomin wannan kaka: an ba da kayan aiki, an yi ɗauki-ɗora, umarni ya zo daga sama.

Kafin ma a kai ga daliget akwai shingen kuɗi. A 2022 fom ɗin takarar sanata a APC naira miliyan 20 ne, a PDP miliyan uku da rabi. Dokar ta yarda ɗan takarar sanata ya kashe har miliyan 100 wajen yaƙin neman zaɓe. Sai a tambaya, a yankin da attajiransa suka sayar da shanu da gonaki suka biya kuɗin fansa, waɗanda suka rage kuma suka kwashe iyalansu suka koma birni, wane ne zai iya tsallake wannan shinge? Ta'addanci bai tsaya ga kashe mutane da kore dabbobi ba, ya karya masu ƙarfin da za su iya tsayawa takara da sunan yankin.

Dattawan da suka ga siyasar farko za su ce wannan ba sabon abu ba ne. A zaɓen 1951 a Arewa, talaka a ƙauye yana zaɓen wanda zai je gunduma, na gunduma su zaɓi masu zuwa gaba, a haka har a kai lardi, inda ake fitar da masu tafiya Kaduna. Kafin a kai matakin ƙarshe an tace duk wanda hukumar En'e ba ta so. NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, ta yi nasara a matakan farko a wurare, ta ɓace a na ƙarshe, kuma neman a bar talaka ya zaɓi wakilinsa kai tsaye yana cikin manyan abubuwan da ta yi gwagwarmaya a kai. Matan Arewa kuwa sai a 1976 suka fara jefa ƙuri'a. Su ne yau suka fi cika layi a rumfuna da yawa, amma har yanzu Katsina ba ta taɓa aika mace majalisar dattawa ba.

Akwati a gudun hijira

Ranar 14 ga Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari, akasarinsu tsofaffi da yara da suka kasa gudu. Wannan ɗaya ne daga cikin hare-haren da suka shiga jarida. Waɗanda ba su shiga ba mutanen Ruma da Wagini da Runka ne ke riƙe da lissafinsu. Gwamnatin Masari ta gwada sulhu a 2017, ta sake gwadawa a 2019, duka suka wargaje. A 2021 aka ɗauki matakan matsi: aka rufe wasu hanyoyi da kasuwannin dabbobi, aka hana sayar da fetur a jarka, sannan a watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. Watanni aka yi mutumin Wagini ba shi da hanyar kiran kowa, balle wakilinsa.

Yanzu a ɗora zaɓe a kan wannan hali. Katin zaɓe a ɗaure yake da rumfa guda. Wanda ya yi rajista a ƙauyensu, can sunansa yake, can na'urar BVAS za ta gane yatsansa ko fuskarsa. Idan ƙauyen ya watse, ya koma kangon wani a Katsina ko ɗakin ɗan'uwa a Batsari, sai dai ya nemi a sauya masa rumfa tun lokacin rajista, kuma rajistar da ta gabaci zaɓen 2023 an rufe ta ranar 31 ga Yulin 2022. Wanda aka kora bayan wannan rana, ko wanda katinsa ya ƙone tare da ɗakinsa, ko matar da ke fafutukar abin da yara za su ci yau, ina ta ga sukunin bin layin ofishin hukumar zaɓe? Waɗanda suka tsallaka zuwa jihar Maradi kuwa maganarsu ta ƙare, domin Najeriya ba ta kai akwati wajen iyakarta.

Ita kanta hukumar zaɓe ta faɗa, gabanin zaɓen 2023, cewa rumfuna 242 a ƙananan hukumomi 10 na jihar, masu ɗauke da sunayen mutum sama da 140,000, suna wuraren da kai ma'aikata yake da haɗari. Sashe na 24 na dokar 2022 ya ce a yi iya ƙoƙari kada waɗanda wani bala'i ya raba da muhallinsu su rasa damar zaɓe, kuma hukumar tana da tsarin zaɓen 'yan gudun hijira tun 2015, wanda aka fara a Borno da Yobe da Adamawa. Sai dai an gina tsarin ne a kan sansani, inda mutane suke a tattare, a rubuce. 'Yan gudun hijirar Katsina galibi ba a sansani suke ba. Zumunci ne ya kwashe su, kowa ya raɓa da nasa, shi ya sa ba sa fitowa a takarda. Maganin da aka fi yi shi ne a ɗauke rumfar ƙauye a kai ta wani gari mai ɗan tsaro. Wannan ya fi babu, amma tsoho da mai goyo sai sun yi tafiya a hanyar da ita ce abin tsoron, a ranar da aka hana zirga-zirgar motoci, kuma a 2023 cikin tsananin ƙarancin takardar kuɗi da canjin naira ya jawo.

A nan ne lissafin ke juya wa bakin daji baya. Ɗan takara mutum ne mai ƙirga, inda ƙuri'a ta taru nan yake kai kansa. Rumfa a Ƙofar Marusa ko Sabuwar Unguwa tana cika, ana zuwa cikinta lafiya a fita lafiya. Rumfar bakin Rugu kuwa rabin masu ita sun watse. Duk harin da ya tashi ƙauye yana rage nauyin yankin a ma'aunin 'yan siyasa, ga shi kuwa yankin ne ya fi kowa buƙatar a saurare shi. Jihar Katsina tana da masu rajista sama da miliyan uku da rabi a 2023, amma ƙuri'un da aka jefa a zaɓen shugaban ƙasa kaɗan suka haura miliyan ɗaya. Kashi biyu cikin uku ba su fito ba, kuma ba duka ne suka ƙi fitowa don ganin dama ba.

Duk da haka kada a raina wayon mai zaɓe. A ranar 25 ga Fabrairun 2023, Atiku Abubakar na PDP ne ya ci jihar Katsina da ƙuri'a 489,045, Bola Tinubu na APC ya samu 482,283. A wannan rana dai, a rumfunan nan dai, APC ta kwashe kujerun sanata uku: Abdulaziz 'Yar'adua, Nasir Sani Zangon Daura da Muntari Ɗandutse. Jihar da aka sani da sak ta yi wake da shinkafa. Mutane sun nuna suna iya raba takarda da takarda, su ba wannan nan su hana shi can. Wanda ya iya wannan zai iya tambayar ɗan takara abin da ya wuce taliya da atamfa.

Me ake aika sanata ya yi?

Je ka majalisar dattijai a kowane gari na yankin ka ji yadda ake auna sanata. Rijiyar burtsatse nawa ya haƙa, babura nawa ya raba, wa ya samar wa aiki, ya zo gaisuwa ko bai zo ba, ya aiko da buhun azumi ko ya manta. Ba na ganin laifin mai ƙishirwa idan ya nemi ruwa. Kuma akwai dalilin da ya sa ido ya koma kan sanata: ƙaramar hukuma, wadda rijiya da ɗakin shan magani da aji suke wuyanta, an daɗe da kassara ta. A Katsina an rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi a 2015, matakin da Kotun Ƙoli ta ce ya saɓa doka a 2021, kuma ba a sake zaɓen ba sai Afrilun 2022. Kusan shekara bakwai Wagini ba ta da kansilan da ta zaɓa. Da ƙofar kusa ta rufe, sai kowa ya nufi ta nesa.

Su ma 'yan majalisa sun karɓi wannan matsayi hannu bibbiyu, domin ya fi sauƙi kuma ya fi fitowa a hoto. Shekaru da dama ana ware naira biliyan 100 duk shekara a kasafin tarayya da sunan ayyukan mazaɓu. A Nuwamban 2019 Shugaba Muhammadu Buhari da kansa ya ce an kashe tiriliyan ɗaya a kan waɗannan ayyuka cikin shekara goma ba tare da talaka ya ga amfanin da ya kai kuɗin ba, kuma a shekarar ce hukumar ICPC ta fara bin sawunsu. Ga kuma kuɗin tafiyar da ofis, wanda Sanata Shehu Sani ya bayyana a 2018 cewa naira miliyan 13.5 ne duk wata, Sanata Kawu Sumaila kuma ya shaida wa BBC Hausa a 2024 cewa abin da yake karɓa ya kai miliyan 21. Mai zaɓe yana jin waɗannan alƙaluma a rediyo, sai ya ce to a sammana. Daga nan wakilci ya koma rabo.

Amma aikin da kundin ya ba sanata wani ne daban, kuma shi ne wanda Wagini ba ta da mai yi mata shi in ba shi ba. Soja da 'yan sanda na gwamnatin tarayya ne kaɗai. Sashe na 214 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda bayan ta ƙasa. Gwamna ba ya iya ba bataliya umarni. Shi ya sa da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya tashi yin nasa ƙoƙarin a Oktoban 2023, rundunar tsaron al'umma ya kafa daga matasan yankunan, masu makaman da doka ta taƙaita. Kasafin da ke sayen jirgin yaƙi, ya biya alawus ɗin sojan da ke kwana a bakin Rugu, ya ɗauki sababbin 'yan sanda, sai ya bi ta majalisa kafin ya zama doka. Majalisa ce ke tantance hafsoshin tsaro. Majalisar dattawa ce ke amincewa da ministoci da shugaban hukumar zaɓe da kwamishinoninta. Sashe na 88 ya ba ta ikon kiran kowane jami'i ta tambaye shi inda kuɗi suka shiga. Gyaran kundin da zai ba jihohi 'yan sandansu, wanda aka shekara da shekaru ana jan ƙafa a kai, ta zauren nan zai fara bi. Gyaran dokar da zai sa ƙuri'a ta bi ɗan gudun hijira inda yake, nan ne ma.

Majalisar ta taɓa nuna tana iyawa. A Satumban 2021 ta nemi a ayyana 'yan bindigar daji a matsayin 'yan ta'adda, kotun tarayya ta yi hakan a Nuwamba, gwamnati ta sa shi a gazet a Janairun 2022. A 2024 dokar kafa hukumar raya Arewa maso Yamma, wadda Sanata Barau Jibrin ya gabatar, ta samu sa hannu. Sake gina ƙauyukan da aka ƙona yana cikin abin da ake sa ran hukumar za ta yi, kuma yawan abin da zai iso Batsari da Safana daga cikinta ya danganta da wanda ya tsaya musu a lokacin rabo.

A majalisa ta goma, sanatan Katsina ta Tsakiya ne aka ba shugabancin kwamitin sojan ƙasa. A ganina babu wata kujera a Abuja da ta fi wannan kusa da damuwar mutumin Wagini. Saboda haka tambayoyin da suka dace da duk mai riƙe da kujerar shiyyar, da duk mai nemanta, a bayyane suke. Sansanin soja nawa ke tsakanin Jibiya da Ɗanmusa, kuma minti nawa suke ɗauka kafin su iso idan an kira? Me kasafin bana ya ware wa hanyoyin da jami'an tsaro ke bi su shiga daji? Sau nawa aka kira hafsoshi gaban kwamiti a kan Rugu, me suka ce? Ina ofishin mazaɓa da mutumin Wagini zai kai takarda ba sai ya san wani ba? Ƙungiyoyin ci gaban gari da limamai da matasan da ke rubutu a Facebook suna da ikon haɗa waɗannan tambayoyi a takarda ɗaya, su ajiye wa kowane ɗan takara, su nemi amsa a bainar jama'a.

Idan wakili ya gaza fa? Kundin ya ba da damar kiranye a sashe na 69, amma sharaɗinsa shi ne fiye da rabin duk masu rajista a mazaɓar su sa hannu, a tantance hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Ba a taɓa cin nasarar yi wa sanata kiranye a Najeriya ba. Yunƙurin da aka yi wa Dino Melaye a Kogi ya mutu a matakin tantancewa a 2018, na Natasha Akpoti-Uduaghan a 2025 bai ma kai nan ba. A shiyya mai ƙananan hukumomi 11, ko duk mai kati a Batsari da Safana ya sa hannu ba za su kai rabi ba. Abin da ya rage musu ranar zaɓe ce, sau ɗaya a shekara huɗu.

Tun farkon 2025 iska ta ɗan sauya. Al'ummomin Batsari, sannan Jibiya da Safana da Ɗanmusa da wasu, suka shiga zaman sulhu da mutanen daji, wannan karon da jagorancin shugabannin yankunan. Ra'ayi ya rabu a kai, kuma wanda ya ga yadda na 2017 da na 2019 suka ƙare ba za a ce masa ya saki jiki ba. Wani abin lura shi ne su wa suka zauna a kan tabarmar: hakimai, dagatai, malamai, shugabannin ƙananan hukumomi, jami'an tsaron da ke wurin. Mutanen da ke kwana a yankin ne suka ɗauki kasadar. Sharuɗɗan da ake tattaunawa kuwa, burtali da mashaya da makarantar 'ya'yan makiyaya da asibiti da sakin waɗanda ake tsare da su, da yawansu sun fi ƙarfin hakimi, suna buƙatar doka da kasafi. Makiyayin da ke cikin Rugu wanda bai taɓa ɗaukar bindiga ba, shi ma ɗan wannan shiyya ne, kuma sau da yawa ba shi da ko katin zaɓe.

A watan Agustan 2025 hukumar zaɓe ta sake buɗe rajista. A lokacin rajista, wanda ya kai shekara 18 zai iya yin sabuwa, wanda katinsa ya ƙone zai iya neman wani, wanda ya bar ƙauyensu zai iya mayar da sunansa inda yake zaune. Ga iyalan da suka baro ƙauyukan kewayen Wagini, wannan shawara ce mai nauyi. In suka mayar da katin birni, za su yi zaɓe cikin kwanciyar hankali, amma sunansu ya fita daga rumfar garinsu, kansila da ɗan majalisar jiha da za su zaɓa na wani wuri ne, nauyin Batsari kuma ya ƙara raguwa. In suka bar shi a gida, sai ranar zaɓe ta zo su duba ko hanya za ta biyu. Takardar sanata ce kaɗai, a cikin takardun zaɓen wakilai, da za ta ƙirgu wuri ɗaya ko a Katsina suka jefa ta ko a Wagini, domin shiyyar ɗaya ce.